Odilia da Uwar Barkono

Ranar da Odilia Pacheco ta fara jin danƙo a dakalin tagarta, ta ɗauka shayi ne ya zube. Ta goge. Washegari ta aza hannu, ta sake jin yatsunta suna mannewa, kamar an yayyafa ruwan sukari an bar shi ya bushe. Ita kuwa ba ta shan shayi a wannan ɗaki, ba ta kuma barin kowa ya sha. Ta tsaya tana duban yatsun, sannan ta ɗaga kai ta dubi shukar da ke zaune kan dakalin cikin tukunyar ƙasa.

Barkono ne, amma ba irin na lambu da ake shukawa a cire a shekara guda ba. Shekararsa huɗu, gindinsa ya yi kaurin babban yatsa, ya yi ɓawo kamar itace. Odilia tana kiransa Uwa. A wannan watan na Janairu, da ƙanƙara ta rufe garin Strathroy har saman shinge, Uwa tana ɗauke da 'ya'ya bakwai, kore shar, kowanne tsawon ɗan yatsa. Gidaje goma sha ɗaya ne ke jiran abin da ke cikin waɗannan 'ya'ya, ba tare da sun san cewa iyakarsu ke nan ba.

An san Odilia da abu biyu a garin, tsabta da iri. Tana da shekara goma sha tara ta baro tsibirin Sao Miguel ta biyo mijinta Abilio, ta kama aikin shara da goge-goge a asibiti, ta yi shekara talatin da huɗu tana yi. Rabin shekarun a ɗakin tiyata ta yi su, inda ake bin kusurwa da tsumma sau uku ko da ido bai ga komai ba. Can ta koyi cewa abin da ke kisa ƙarami ne, kuma ba ya sallama. Can kuma ta bar rabin huhunta, don ruwan bilic na kashe ƙwayoyin cuta ya ci ƙirjinta a hankali, har likita ya ce in ta sake shaƙar wani maganin feshi, to ta kuka da kanta. Abilio ya rasu shekara shida da suka wuce. Ya bar mata gida mai hawa ɗaya, da lambu a baya, da amanar iri.

Irin kuwa, duk Satumba matan gidajen nan goma sha ɗaya sukan taru a garejin ɗaya daga cikinsu, su markaɗa jan barkonon tsibiri da gishiri, su ɗura a kwalabe, abin da za a zuba a nama da kifi da wake da ɗanyen cuku har shekara ta zagayo. Barkonon kanti ba ya yi. Nasu yana da nama, yana da zaƙi a farkon harshe, yajin sai daga baya yake zuwa, a hankali, kamar baƙo mai kunya. Duk Maris kuma kowane gida yakan aiko gidan Pacheco a karɓi iri.

Bara ne abin ya lalace. Wani sabon maƙwabci ya shuka tattasai a jikin shingenta bara waccan, zuma kuwa ba ta san shinge ba, ta yi ta kai da kawowa tsakanin furanni. Irin da Odilia ta raba ya fito ruwa biyu. Barkonon ya yi girma, ya yi ja, ya yi kyau a ido, amma da aka markaɗa aka ɗanɗana sai garejin ya yi tsit. Ba wanda ya zage ta. Da sun zage ta ma da ya fi mata sauƙi. Ta dawo gida ta kwashe duk irin da ta adana ta zuba a shara, don ba ta san wanne ya gurɓata wanne ya tsira ba. Abin da ya rage mata mai asali shi ne Uwa, wadda aka shuka tun kafin maƙwabcin ya tare. Ta shigo da ita ɗaki a Oktoba inda babu zuma, ta rataya mata fitila, ta riƙa bin furanninta ɗaya bayan ɗaya da ɗan burushin fenti tana yin aikin zumar da hannunta. Furanni arba'in da wani abu suka kaɗe. Bakwai suka kama.

Ta ɗauko gilashin ƙara girma da Abilio yake karanta jarida da shi, ta juya ganye ɗaya. A bayansa, a jikin jijiyar, wasu ƙananan halittu ne a jere, koraye, masu taushi, kowace ba ta kai ƙwayar riɗi ba, sun kafa baki a ganyen suna tsotsa. Ba sa gudu, ba sa ko motsi. Ta duba toho, ta ga sun yi masa zobe, sabon ganyen ya nannaɗe kamar hannun da ya ƙone. A ganyen ƙasa akwai fari-fari kamar an barbaɗa toka, fatun da suka tuɓe ne suna girma. Danƙon kuwa kashinsu ne. Kwarkwatar ganye ce. Ta san ta a lambu, inda ruwan sama da iska da tsuntsaye suke rage ta. A ɗaki mai hita babu ko ɗaya daga cikinsu.

Ta yi abin da ta sani. Ta ɗaure bakin tukunyar da leda, ta rungume ta zuwa bahon wanka tana haki, ta kwantar da ita a karkace, ta bi bayan kowane ganye da ruwa mai ɗumi-ɗumi, tana tallafe 'ya'yan da tafin hannu kamar mai yi wa jinjiri wanka. Ruwan ya tafi da su. Kwana uku ganyen yana sheƙi, Odilia ta fara cin abinci da daɗi. Ran na huɗu ta juya ganye, ga su nan, ƙanana sababbi, kamar daga cikin ganyen suke tsirowa. Ta sa gilashi ta ga wata babba tana haifar ƙarama a raye, ba ƙwai ba komai, ƙaramar tana saukowa ta kafa baki.

Ta sake wanki, suka sake dawowa. Sai ta tuna ana fesa musu ruwan sabulu. Da ta ɗiga ɗan sabulu mai laushi a ruwa mai yawa, da ya wadatar. Amma Odilia ta yi shekara talatin da huɗu a kan cewa in kaɗan ya yi, mai yawa ya fi. Ta ɗauko na wanke-wanke mai cin maiƙo, ta tsiyaya har ruwan ya yi kauri, ta fesa, ba ta kuma ɗauraye ba. Da safe kwarkwatar ta mutu. Gefen ganyen ma ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, bayan kwana biyu kuma ta tarar da 'ya'ya biyu a kan dakali, sun yanƙwane. Saura biyar. Kafin mako ya cika, kwarkwatar da ta ɓuya a cikin nannaɗen toho ta fito ta ci gaba da sana'arta.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci, Zulmira ta tare ta a bakin ƙofa. Zulmira ce mai garejin da ake markaɗe, mace mai jiki da murya, ƙawar Odilia tun suna amare, kuma ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba.

"'Yar uwa, kin rame. Ko azumi kika fara tun lokaci bai yi ba?"

"Sanyi ne."

"Sanyin nan kowa yake duka, ni ga shi sai ƙiba nake. To, bana dai ba barkonon miyar jarirai za ki ba mu ba ko? Maigidana ya ce in aka sake irin na bara, jan fenti zai saya ya riƙa zubawa a wake, ya fi arha."

"Iri yana nan lafiya," in ji Odilia, tana gyara ɗankwali.

"Na faɗa musu. Na ce Odilia ba ta faɗuwa rami ɗaya sau biyu."

Ta koma gida da wannan magana a ƙirji, ta fi tarin da ke damunta nauyi.

Duk Alhamis Serafim yakan zo ya kwashe mata ƙanƙarar ƙofar gida, ta biya shi da miyar kabeji da burodin masara. Ƙanin Abilio ne, tuzuru mai shekara sittin da takwas, ya ƙare ƙuruciyarsa a gonar talo-talo, yanzu yana zaune shi kaɗai a wani tsohon gidan katako a bakin gonakin waken suya. Iyakarsa a gidanta kicin, kuma sai ya tuɓe takalma a waje ya taka jaridar da ta shimfiɗa masa. Ran nan ya kai cokali baki, ya dakata, ya dube ta.

"Matar Yaya, miyar nan ba gishiri. Shekara hamsin ina cin girkinki, yau ce rana ta farko. Wa ya mutu?"

"Ci ka tashi, ƙazamin banza."

"Zagin ma ba gishiri. Faɗa mini."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ce ya wanke hannu, ya biyo ta. Ya shiga ɗakin yana takawa a hankali kamar wanda ya shiga ofishin gwamna. Ta miƙa masa gilashin, ya ture, ya juya ganye da ƙaton yatsansa, ya daɗe yana kallo. Ta faɗa masa duka, har da irin da ta zubar, har da ƙaryar da ta yi wa Zulmira.

"Biyar ɗin nan ke nan?"

"Su ke nan."

"Kuma ba feshi."

"In na fesa, sai dai ka raba irin a wurin makokina."

Ya dubi tagar, ya bi kusurwoyinta da ido, ya dubi silin. Ko'ina fes. Ya girgiza kai.

"Ina juwaninarki?"

Juwanina suke kiran ƙwaron nan mai kama da rabin ƙwayar wake, ja ko ruwan lemo, mai baƙaƙen ɗigo a baya. Duk Oktoba in an girbe waken suya sukan taso dubbai su nemi ɗumin gidaje, su cusa kansu a tsagar taga da rufi su yi barci har bazara. Kowa a garin yana ƙorafinsu. Odilia ba ta ƙorafi, injin shara take ɗauka, safe da yamma, har sai ba ko ɗaya.

"Wace juwanina? Ai ka san ba na kwana da ƙwaro."

"To ai shi ke nan. Sojoji sun zo ƙofarki da ƙafarsu suna neman masauki, kin zuƙe su da inji, yanzu ɓarayi sun shigo kina neman mai gadi. Abincinsu ke nan, Matar Yaya. Guda ɗaya tana iya cinye hamsin kafin rana ta faɗi."

"A ina zan same su a tsakiyar sanyi?"

Ya yi murmushin da ta tsana tun yana saurayi. "A gidan wani ƙazami da na sani."

Rabonta da gidan Serafim tun rasuwar Abilio. Ta shiga tana tattare siket, ba ta dubi kwanukan da ke cikin wurin wanke-wanke ba, ko kuma ta duba ta haɗiye. Ya kafa tsani ya hau saman silin da tocila da cokali da kwalba, ita tana riƙe da tsanin tana jin ƙura na sauka a ɗankwalinta.

"Kar ka faɗo mini, ba zan iya ɗaga ka ba."

"In na faɗo ki goge wurin, na san ba za ki bari ba."

Ya sauko da kwalba rabi, cike da su a dunƙule kamar an zuba jan wake, ba mai motsi. Wari ya buge ta, wari mai ɗaci kamar na ɗanyen ganye da ya ruɓe. Ta riƙe kwalbar nesa da jikinta. A mota, da ɗumin hita ya taɓa su, sai dunƙulen ya fara warwarewa, ƙafafu suna fitowa. Ta sa kwalbar cikin rigar sanyinta don kar sanyin hanya ya sake kama su, ta dubi waje.

Suka zuba kamar talatin a gindin Uwa, sauran ya ce ta ajiye a firij, za su ci gaba da barci. A firij ɗinta, kusa da man shanu. Ta rufe ido ta sa. Na kan shukar kuwa ko kallon kwarkwatar ba su yi ba, suka buɗe fiffike suka nufi taga, suka bazu a gilashi da labule da silin, suna barin ɗigon rawaya duk inda suka taka.

"Ka ga sojojinka," in ji ta. "Sun gudu tun ba a fara yaƙin ba."

"Ke in aka tashe ki daga barcin wata huɗu, aiki za ki fara nema ko ruwa? Yayyafa wa ganyen ruwa. Ki jiƙa busasshen inabi ki ajiye musu. Kuma sai an yi musu rumfa, in ba haka ba haske za su bi."

Babu abin da ke da ƙananan huda da zai rufe shukar sai labulen leshi na falo, wanda ba ta bari ko rana ta daɗe a kansa. Ta sauke shi da hannunta. Suka kafa sanduna huɗu a tukunyar, suka lulluɓe, suka ɗaure ƙasan da igiya, suka tsinto 'yan gudun hijira ɗaya bayan ɗaya da takarda suka mayar.

Daga nan sai jira, jira kuwa ba sana'ar Odilia ba ce. Takan zo da sassafe da gilashi ta ɗaga gefen leshin. Wata rana ta ga juwanina ta riƙe kwarkwata tana ci, zuciyarta ta yi sanyi. Wata rana ta ga duk sun taru a saman sanda suna ɗumi, kwarkwatar kuwa ta hau har wuyan 'ya'yan, wasu ma sun yi fiffike. Baƙin abu kamar kunkunniya ya fara bin danƙon yana rufe ganye. Ɗa guda ya yi rawaya tun daga wuya ya faɗi. Saura huɗu, Fabrairu ta raba tsakiya, kuma in iri bai shiga ƙasa ba kafin ƙarshen Maris, barkonon ba zai nuna ba kafin sanyi mai zuwa ya kashe shi. Takan tsinci kanta tsaye a tsakar kicin da tsumma a hannu, ta manta abin da ta zo gogewa. Wayar gidan in ta yi ƙara, sai ta ji kamar Zulmira ce.

Wata safiya ta juya ganye ta ga sabon abu, wasu 'yan ƙwayoyi rawaya a tsaye, a cure wuri ɗaya, kamar ashirin. Ba ta tsaya tunani ba, babban yatsanta ya riga ta. Ta murje. Washegari ta sami wani curin ta murje, jibi ma haka. Ran Alhamis ta tari Serafim da labari tun yana tuɓe takalmi.

"Wata cutar ta sake ɓullowa, rawaya, a bayan ganye. Amma na riga ta. Sau uku ina murje ta."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "A tsaye suke, kamar an jera kwalabe?"

"Ka san ta ke nan."

Ya zauna a kan matakala, cikin ƙanƙara, ya dafe kai. Bai yi dariya ba, wannan ne ya tsorata ta.

"Ƙwansu ne, Odilia. Abin da muke jira ke nan. Tsofaffin nan cin ƙoshi kawai suke yi, 'ya'yan ne masu yunwa. Kin kashe sittin da yatsa ɗaya."

Tunda ta auri yayansa bai taɓa kiran sunanta tsirara ba. Ta jingina da ƙofa. Tarin ya taso mata, ta yi shi har idonta ya kawo ruwa, kuma ba duka ruwan ne na tari ba.

"Za su sake yi?"

"Wataƙila. In sun ga dama. Amma ga sharaɗi, kuma ba wasa nake ba. In za ki shiga ɗakin nan, hannuwanki biyu a aljihu. Duk abin da kika gani, komai muninsa, ki bar shi. Abin da zai fito daga ƙwan ba ya kama da uwarsa, ya fi ni muni."

"Babu wannan a duniya," in ji ta.

"Yauwa, gishiri ya fara dawowa."

Ta fito da sauran na firij ta ƙara. Kwana biyar babu komai. Ran na shida ta hango rawaya ta cikin hudar leshin, curi ɗaya, can ƙasa. Ta tura hannuwanta cikin aljihun rigar girkinta ta damƙe. Bayan kwana huɗu ƙwan ya yi duhu, ya fashe, wasu baƙaƙen abubuwa suka fito, suka yi ta girma kullum, dogaye masu ƙaya-ƙaya da tabon ruwan lemo a baya, masu ƙafa shida, kamar an ƙanƙantar da kada. Duk abin da shekara talatin da huɗu suka koya mata ya taso yana cewa kashe. Ganye ya yi baƙi, leshi ya yi ɗigon rawaya, fatun kwarkwata sun zuba a dakali, ɗakin da ta fi ji da shi yana warin saman silin Serafim. Ta tsaya a gabansa kullum, hannu a aljihu, farcenta yana shiga tafinta.

Ta gilashi ta ga yadda suke aiki. Tsutsar takan bi jijiyar ganye tana kaɗa kai hagu da dama kamar makaho mai lalube, in ta ci karo da kwarkwata ta cafke ta ɗaga sama, ta tsotse, ta yar da fatar, ta wuce ta gaba. Ba ta hutawa, ba ta tsallake kusurwa. Ta shiga har cikin nannaɗen tohon da ruwa da sabulu suka kasa kaiwa. Odilia ta daɗe tana kallo, ta ce a ranta, wannan ta iya aiki.

Ba su gama da kwarkwatar duka ba, ba a gamawa da ita. Amma a farkon Maris sai an nema ake ganinta, sabon toho kuma ya fito a miƙe. Ɗa na huɗu ya tsaya a kore, ya ƙi gaba ya ƙi baya, daga baya ya yi laushi ya ruɓe. Uku suka fara duhu, suka yi ruwan ƙasa, sannan ja ya shigo musu daga tsini yana hawa a hankali kamar wuta a jikin takarda. Ta bar su har fatarsu ta fara tattarewa. Ran sha biyu ga wata ta yanke su, ta tsaga a kan farin faranti. Ɗaya cikinsa baƙi ne, irin ya mutu tun yana ciki. Biyu suka ba ta ƙwaya tamanin da bakwai, a inda ta saba raba ɗari huɗu.

Ko su ɗin ba ta yarda da su ba. Shukar da ta sha wuya haka tana iya ba da iri marar rai. Ta shanya su kwana uku, ta jera a jiƙaƙƙen tsumma, ta naɗe, ta sa a leda a saman firij inda ɗumi yake. Kullum da safe ta buɗe, ƙwayoyin suna kwance kamar yadda ta bar su. Kwana shida, bakwai. Ran na takwas ta ga ɗaya ta fasa baki, ɗan farin wutsiya ya leƙo. Ran na goma sha ɗaya ta ƙirga hamsin da biyu. Sauran ba su tashi ba.

Ta ɗauki waya da kanta ta kira Zulmira. Zulmira ta zo da rana, ta shiga ɗakin, ta dubi leshin, ta dubi juwanina biyu da ke yawo a silin, ta dubi Odilia.

"Ko dai na ɓata gida ne?"

"Zauna, 'yar uwa. Ƙarya na yi miki a bakin coci."

Ta faɗa mata tun daga farko. Zulmira ta saurara ba ta katse ta ba, abin da ba a saba gani ba. Da aka buɗe mata tsumman, ta sunkuya ta daɗe tana duban fararen wutsiyoyin.

"Hamsin da biyu, gida goma sha ɗaya. Ko biyar-biyar ba su kai ba."

"Ba su kai ba. Bana kwalba ɗaya-ɗaya za a samu, in an samu."

"Ke kuma kika zauna da wannan a ciki wata biyu ke kaɗai, kina ramewa, muna cewa sanyi ne. Wallahi da ba ki tsufa ba da na mare ki." Ta ja kujera kusa. "Kwalba ɗaya mai yaji ta fi goma na fenti. Maigidana ya ci wakensa da haƙuri. Amma daga bana an daina ajiye ran gida goma sha ɗaya a tukunya guda. Kowane gida zai ware gindi ɗaya ya rufe shi, ya shigo da shi ɗaki in sanyi ya zo."

"Kwarkwata za ta same su."

"Sai ki koya mana. Kawo kofunan, hannuna ya fi naki ƙarfi."

Odilia ta kawo buhun ƙasa da tarin kofunan roba da ta wanke ta adana. Zulmira tana cikawa tana huda rami da ɗan yatsa, ita kuma tana ɗaukar kowace ƙwaya da bakin cokali, wutsiya ƙasa, tana rufewa a hankali. Suka yi ta yi har hasken taga ya koma ja. A kofi na talatin da wani abu Zulmira ta tambaya ko gidan su wa za a rage wa, tunda ba za a raba daidai ba. Odilia ta ce a fara da nata.